Ina haɗa manhajar VR ta koyon taurari amma saman nawa ya ƙi yin kama da na gaske, a taimaka

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah masu harka da Unity, manhajar da ake haɗa wasannin kwamfuta da ita, ko masu sanin taurari ku taimaka min. Wata biyu ke nan ina haɗa wata 'yar manhaja ta VR, wato irin wadda ake sa gilashi a ga kamar ana cikin wurin, so nake mutum ya sa gilashin ya ga kansa tsaye a fili cikin dare, ya ɗaga kai ya koyi sunayen taurari da inda kowanne yake, ta yadda in ya cire ya fita waje zai gane su da idonsa. Gilashin Quest 2 nake gwadawa da shi.

Abin da na yi shi ne na samo babban hoton sararin sama mai faɗin fiksil 4096, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, na naɗe shi a cikin wata ƙatuwar ƙwallo na sa mutum a tsakiya. A kwamfuta abin ya yi kyau sosai har ina jin daɗi, amma ina sa gilashi sai taurarin suka koma kamar an diga ruwa a kan tawada, duk sun baje. Na bar hoton na koma ɗiga taurarin ɗaya bayan ɗaya daga wani jadawali da na sauke, yanzu kuma walƙiya suke yi in na juya kai, wasu su ɓace su dawo. Sannan rukunin taurarin Oriyon ɗina bai yi kama da wanda nake gani a manhajar kallon sama ta Stellarium ba, kamar shi ne kamar ba shi ba. Na uku kuma in na sa lokaci ya yi gudu don a ga yadda sama ke juyawa jiri ke ɗibata cikin minti ɗaya. A ina nake kuskure?

Injiniya_Bakwai:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa duk ukun nan na sha su, kwantar da hankalinka.

Hoton nan dama ba zai taɓa yi ba, yi lissafi ka gani, fiksil 4096 ka raba wa digiri 360 ka samu wajen 11 a kowane digiri, alhali gilashin naka yana nuna wajen 20 a digiri, ido kuma mai lafiya yana rarrabe kusan 60. Ke nan gilashin yana ja wa hoton ne yana buɗa shi, dole ya baje. Ka bar hoto ga farar hanyar nan ta Milki We kawai tunda ita dama dishi-dishi take, amma taurari ɗigo ne, ka ɗiga su.

Walƙiyar kuma saboda tauraron naka ya fi fiksil ɗaya ƙanƙanta ne, in ka motsa kai sai ya faɗa tsakanin fiksil biyu ya ɓace, ka ƙara motsi ya dawo. Maganin shi ne kar ka bari wani tauraro ya gaza fiksil biyu ko uku a faɗi, ka yi shi ɗan da'ira mai haske a tsakiya yana dusashewa zuwa gefe, in tauraron mara ƙarfi ne ka rage masa haske amma kar ka rage masa girma ƙasa da haka. Kuma don Allah kar ka mai da kowane tauraro abu mai zaman kansa a Unity, ka tattara su duka a jiki guda a zana su a tashi ɗaya, don in gilashin yana sabunta hoto sau 72 a daƙiƙa to kana da ƙasa da milisakan 14 ne ka gama komai na ido biyu.

Oriyon ɗinka ina kyautata zaton madubi ya zama. Ka gwada haka, sa kanka a arewacin ikwaita kana fuskantar kudu lokacin da Oriyon ya miƙe tsaye, jan tauraron nan Betelgus ya kamata ya kasance sama ta hagu, Rijel ƙasa ta dama, sannan in ka bi taurari ukun nan na ɗamara ka gangara hagu ka iske Siriyus. In ka ga Betelgus a dama to shi ke nan, tsarin layukan x, y, z na masana taurari na hannun dama ne, na Unity kuma na hannun hagu, sai ka juya alamar layi guda, ƙari ya koma ragi, ko ka musanya biyu daga cikinsu. Ni sai da na kwana uku a kan wannan kafin na gane. Ka kuma duba RA ɗin da ke jadawalinka, wato lambar da ke nuna matsayin tauraro ta gabas da yamma, sau da yawa a awa yake ba a digiri ba, sai ka ninka da 15.

Abu na ƙarshe, ƙwallon taurarin ta riƙa bin kan mutum duk inda ya matsa amma kar ta bi juyawarsa, in ba haka ba zai taka ƙafa biyu ya ga ya kusanci tauraro, nan take ƙwaƙwalwa ta gane rufin ɗaki ne.

Sabon_Shiga:

Kai oga Allah ya saka da alheri, na duba yanzu Betelgus yana dama kuwa, madubi ne wallahi. Tunda an zo nan bari in ƙara tambaya, wane jadawali ya fi? Na ji ana cewa Gaia ya fi kowanne cika, ina tunanin in sauke shi in zuba duka.

Mai_Kallon_Sama:

Haba malam, Gaia kuma? Fitowar bayanansa ta 2022 tana da taurari wajen biliyan 1.8, ina za ka kai su, kuma me mai koyo zai yi da su. Ni ba mai rubuta kodi ba ne, kallon sama kawai na daɗe ina yi, amma zan faɗa maka abin da nake ganin zai kashe maka aikin tun kafin kodi ya kashe shi.

Ido tsirara a wuri mai duhu sosai yana kaiwa wajen magnitud 6 zuwa 6.5 ne, wato ma'aunin hasken tauraro, kuma duk taurarin da suka kai wannan haske a sama gaba ɗaya wajen 9,000 ne, wanda jadawalin Yale na taurari masu haske ya tattaro, rabinsu ma suna ƙarƙashin ƙafarka a kowane lokaci. In kana son ƙarin daidaito ga Hipparcos na hukumar sararin samaniya ta Turai, an fitar da shi a 1997 da taurari wajen 118,000, ka yanke shi a 6.5 ka zubar da sauran. Kuma ko 9,000 ɗin ma sun yi wa sabon ɗalibi yawa. Mutumin da ke cikin gari mai fitilu da kyar yake wuce magnitud 3 ko 4, to in ka koya masa Oriyon a cikin dubban ɗigo-ɗigo ya fita waje ya ga 'yan tsiraru sai ya rikice, haka wanda ya koya da kaɗan ya je daji ya ga sama ta cika maƙil shi ma ya ɓata. Ka sa masa abin ja da zai ƙara ko ya rage duhun sama da kansa, ya saba da siffar a kowane hali.

Sai maganar haske, nan ne manhajoji da yawa ke yin ƙarya. Ma'aunin magnitud a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai haske, kuma tun 1856 da Norman Pogson ya daidaita shi tazarar mataki biyar tana nufin ninki 100, wato kowane mataki ninki 2.5 da ɗan ɗori. Siriyus yana kan -1.46, in ka gwada shi da mafi raunin da ido ke gani ya ninka shi wajen sau 1,500. Sikirin ba zai iya wannan tazarar ba, balle na Quest 2 da baƙinsa ma toka-toka ne, don haka dole ka matse, amma ka matse da adalci, kar Siriyus da tauraron arewa su fito kai ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka tauraron arewa ne ya fi kowa haske, alhali magnitud 2 ne kawai, matsakaici ne, abin da ya ba shi daraja shi ne kusan ba ya gusawa daga wurinsa. In manhajarka ta kumbura shi to ka ƙara wa mutum kuskuren da ya zo da shi.

Launi ma a yi a hankali. Betelgus ja-ja ne Rijel fari mai ratsin shuɗi, gaskiya ne, amma a ido launin kaɗan ne kuma masu rauni duk fari suke fitowa. Na taɓa gwada wata manhaja da ta mai da sama kamar fitilun ado, kore har da shunayya, na cire gilashin ban ƙara sawa ba.

Kuma wata, don Allah kar ka girmama wata. Rabin digiri ne faɗinsa, a gilashinka wajen fiksil 10, za ka ga ya yi ƙanƙanta har ka ji kamar kuskure ne, ba kuskure ba ne, haka yake, ɗan yatsanka in ka miƙe hannu yana rufe shi har da saura.

Injiniya_Bakwai:

A nan kam ban bi ka duka ba malam. Wata mai fiksil 10 ba a ganin komai a jikinsa, ko jinjiri ne ko ya kusa cika sai an ƙura ido, to ta yaya za a koyar da yanayinsa? Ni zan bar shi a girmansa na gaskiya amma in mutum ya nuna shi da hannu wani ɗan allo ya buɗe a gefe da babban hotonsa. Haka ita ma Kaza da 'ya'yanta, duk dunƙulen bai fi digiri ɗaya da wani abu ba, shida ko bakwai ɗin da ido ke gani za su cukuɗe, tana buƙatar irin wannan allon.

Batun jiri da ka tambaya ban amsa ba ɗazu. Ido yana ganin duk duniya na juyawa, kunnen ciki kuma yana cewa a tsaye kake, rigimarsu ce jirin. Ka bar ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa a kafe, ka sa wasu duwatsu ko bishiyoyi da ba sa motsi ido ya riƙe su, ka rage gudun, ko kuma ka riƙa tsallaka awa ɗaya-ɗaya kana dusashe hoton tsakani. Sama digiri 15 take tafiya a awa, kuma zagayen taurari awa 23 da minti 56 ne ba 24 ba, in ka sa 24 a kodinka bayan wata guda ka yi kuskuren awa biyu. Duniyoyi masu zagaya rana kuma ba sa cikin jadawalin taurari sai ka lissafa su daban, nemi VSOP87, tsarin lissafin matsayinsu ne, akwai kodinsa a shirye a yaruka da yawa.

Malamar_Kimiyya:

Sannunku da ƙoƙari. Ni koyarwa nake yi, don haka ta wannan ɓangaren zan shigo. Ɗan'uwa ka ce burinka mutum ya cire gilashi ya gane sama da idonsa, to layukan nan da ake ja tsakanin taurari su ne babban tarkonka. Ɗalibi yana haddace layin ne ba taurarin ba, a waje kuma babu layi. Ka nuna layin na ɗan lokaci ya dusashe, sannan manhajar ta ce masa nemo min Siriyus, ya nema da kansa, in ya kasa ta ba shi alama ɗaya kawai kamar ka bi ɗamarar Oriyon. Ta haka ake koyo, daga wanda ka sani ka yi tsalle zuwa wanda ba ka sani ba, ɗamara ta kai ka Siriyus ta wannan gefen, ta ɗaya gefen ta kai ka Aldabaran, ka wuce ka iske Kaza.

Abin da VR ya fi waya da littafi da shi kuwa jiki ne, wuya da hannu. Dunƙulen hannu in an miƙe shi wajen digiri 10 ne, tunda gilashin na iya bin hannu sai ka koya masa aunawa da shi, dunƙule biyu sama da can, wannan zai fita da shi waje ya yi amfani da shi a daren. Shi ya sa ma nake goyon bayan Mai_Kallon_Sama kan girman abubuwa, in ka taɓa sikelin ka lalata wannan awon.

Sunaye kuma kar ka tsaya kan rukunonin taurari 88 ɗin da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince da su a 1922, waɗannan rabon fili ne don masana su fahimci juna, iyakokinsu ma sai 1930 aka buga su. Ka bar ƙofa a iya ƙara wasu sunaye kamar yadda Stellarium ya yi. Ɗalibaina sun fi saurin riƙe Aldabaran da Rijel in na gaya musu daga Larabci suke, ɗaya mai bin baya don yana bin Surayya, wato Kaza, ɗaya kuma ƙafa. Kuma ranar da na nuna musu cewa Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu guda ne, duniya ce mai zagaya rana da ba ta nisa da ita fiye da wajen digiri 47, ajin ya ɗauki hayaniya. Wannan darasin in ka yi shi a gilashi, ana tsallaka mako-mako ana ganinta tana matsowa kusa da rana ta ɓace ta ɓullo ta gabas, zai yi kyau ƙwarai.

Ka kuma sa gargaɗi a ƙarshe cewa in ya cire gilashin ya ba idonsa minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya yanke hukunci, in ba haka ba zai fita da ido cike da hasken sikirin ya ce babu komai a sama.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai malama, na gode oga, na gode malam. Na juya layin guda Oriyon ya dawo daidai, na yanke jadawalin a 6.5 walƙiyar ma ta ragu sosai da na sa mafi ƙanƙanta ya zama fiksil uku. Watan na mai da shi rabin digiri kuma gaskiya raina bai so ba, kamar ƙwayar magani, amma na bar shi. Yanzu matsalar da ta rage in na canza latitud zuwa kudancin ikwaita sai sama ta riƙa juyawa baibai, taurari na fitowa ta yamma, ina zargin alamar da na juya ɗazu ce na sake juyawa a wani wurin. Zan liƙo kodin wajen anjima in na tashi daga aiki, Injiniya don Allah ka leƙo.