'Yata ta samu gurbi a Ɗanfodiyo: hostal ko jeka-ka-dawo?

Mai Atamfa, Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko suke da 'ya'ya mata a can.

'Yata ta fari ta samu gurbin karatun kemistiri a babban mazaunin jami'ar, wancan na bayan gadar Kwalkwalawa. Ita ce ta farko kaf gidanmu da za ta taka jami'a. Ni a sakandare na tsaya na shiga kasuwa, yau shekara 22 ina sayar da atamfa da shadda. Ranar da ta nuna mini sunanta a waya, tun kafin La'asar na rufe shago, don hannuna ya kasa riƙe almakashi.

To ga inda gizo ke saƙa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce atafau budurwa ba ta kwana a waje alhali gidan ubanta na cikin gari. Ta je da safe ta dawo da yamma, kamar yadda ta yi sakandare. Uwar yarinyar ta rasa bakin magana, ba ta son saɓa wa surukarta. Ita kuma yarinyar ba ta yi musu da kowa ba. Amma shekaranjiya da dare na tarar da wata takarda a kan tabarmarta, ta rubuta da biro: fita ƙarfe 6, keke daga Mabera zuwa Dandima, jiran mota, isa makaranta, dawowa bayan Magariba. A ƙasa ta tara kuɗin mota na mako, ta ja layi biyu. Ban ce mata na gani ba, amma ranar ban yi barcin kirki ba.

Ba na son in ɓata wa Inna rai, ba na kuma son hanya ta cinye karatun yarinyar nan. Yaya zaman hostal yake ga 'ya mace? Akwai wanda ya yi jeka-ka-dawo daga wannan gefen gari ya fita da sakamako mai kyau?

Malamar Sakandare, Gawon Nama

Wa alaikumus salam Baba. Allah Ya sanya albarka, Ya sa ta gama lafiya.

Ni duka biyun na ɗanɗana, kuma sashen kimiyya na yi kamar ita. Shekarar farko daga gida nake zuwa. Abin da takardar nan tata ba ta nuna ba shi ne gajiya. Ɗan kimiyya ba lakca kaɗai yake yi ba, akwai aikin ɗakin gwaje-gwaje da yakan kai yamma, sannan a ce ka rubuta rahotonsa. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40. Nakan shigo gida kaina na sarawa, in tarar da wanke-wanke na jirana, don ba yadda za a yi ina babbar 'ya in zauna da littafi Mama na tsugune gaban murhu. Ba wanda ya tilasta mini, kunya ce kawai. Kafin in buɗe littafi ƙarfe 10 ta yi, layi uku barci ya kwashe ni. Akwai ranar da motar da na shiga ta mutu a hanya, na isa aji an riga an karɓi takardun gwaji. A bakin ƙofa na tsaya ina kuka.

Da na shiga aji biyu na samu gado a hostal ɗin Nana Asma'u. Ba zan ce maka aljanna ce ba, Baba. Ɗaki ba na mutum ɗaya ba ne, kowa da halin gidansu, sai an kai zuciya nesa. Amma awa uku zuwa huɗun da hanya ke ci kullum suka dawo hannuna. Bayan Asuba in yi karatu da sanyin safiya, da yamma in taka zuwa laburaren Abdullahi Fodiyo. A ɗakinmu akwai 'yar Argungu, da 'yar Talata Mafara, da wata Bayarabiya daga Ilori wadda ita ta zaunar da ni ta warware mini lissafin da ya gagare ni shekara guda. Har yau muna zumunci, ta zo bikina.

In kun yanke ta zauna, ta nemi gado da zarar ta gama rajista, gado ba ya jiran kowa. A saya mata gidan sauro tun farko, wurin kusa da fadama yake. Sai bokiti 2, fitila mai caji, da kwaɗo mai kyau na akwati.

Ɗan Runjin Sambo

Alhaji, ni dai kar a yi saurin kayar da maganar Inna. Ƙanwata daga gida ta yi shekara 4 ɗinta, ta fita lafiya lau. Sai dai gaskiya mu Runjin Sambo muke, mun fi ku kusa nesa ba kusa ba, kuma ni nake sauke ta a babur. Ku kuwa sai ta ratsa gari tukuna. Da likitanci aka ba ta, wanda karatunsa ke komawa asibitin koyarwa a cikin gari, da zancen ya zo da sauƙi.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: in ba ta samu hostal na makaranta ba, kar ka kama mata ɗakin haya a ƙauyukan gefen jami'a a shekarar farko. Yarinyar da ba ta taɓa kwana wani wuri ba, gara inda ake da mai kula da ƙofa da dokar shiga da fita.

Tsohon Hedimasta

Ɗana, na karanta batunka sau biyu. Mahaihiyakka ba karatu taka ƙi ba, tsoro taka ji, kuma tsoron abin da ido bai gani ba shi ya hi wuyar magani. Kak ka ja da ita da baki.

Mu gaban idonmu anka yi wagga jami'a. A 1975 anka kahwa ta da sunan Jami'ar Sakkwato, ɗalibai 93 sunka hwara karatu a 1977, Farfesa Shehu Galadanci na shugabanta. Sai 1988 anka sa mata sunan Mujaddadi. Wancan lokaci 'yan mata ƙirga su akai da yatsu. Yanzu tai ka gani.

Hanyar ma da kuka magana ba abin rainawa ba ce. Wanda duk yag ga ambaliyar 2010 ya san haka, sadda ruwan Gulbin Rima ya cinye gada, jami'a ta rabu da gari, sai da kwalekwale aka ƙetarawa.

In ka zauna da Inna, tuna mata wadda anka sa ma hostal ɗin sunanta. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ce, kuma ita ta tsara 'Yan Taru: mata na tasowa daga ƙauyukka, jaji na gaba tana jagorantarsu, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Ba su kaɗai suka tahiya ba, akwai babba mai lura da su. Wanga shi na abin da Inna ka son ji, wa ka lura da jikarta. To ɗauke ta cikin mota ka kai ta, ta gani da idonta.

Mai Atamfa, Mabera

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Baba Hedimasta, na bi maganarka.

Jiya Asabar na ari motar maƙwabcina a kasuwa, muka tafi mu huɗu. Tun daga Mabera Inna ba ta ce uffan ba, carbi kawai take ja. Da muka wuce masu kifi na Kwalkwalawa muka hau gada, ta leƙa fadama ta ce, "Har yanzu ba mu kai ba?" Na ce saura. Ta juya ta dubi yarinyar ta ce, "Nan za ki riƙa biyowa kullum?" Yarinyar ta sunkuyar da kai.

A wajen hostal ni na tsaya nesa, ƙarƙashin wani dogon yaro. Wasu 'yan mata uku sun fito da hijabansu, ɗaya na ganin Inna ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta koma da gudu ta kawo mata kujerar roba da ruwa a kofi. Ina hangen Inna tana yi musu tambayoyi, tana nuna ƙofa da sandarta. Sun fi rabin awa. Daga baya uwar yarinyar ta ce mini har sunan garin kowacce da sana'ar ubanta sai da ta tambaya, da inda suke sallah, da wanda ake kira in yarinya ta kwanta ciwo da dare.

A hanyar dawowa ta sa na tsaya na sayi kifi. Sai da muka shigo gari ta ce ta yarda, bisa sharaɗi biyu: duk Juma'a bayan lakca yarinyar ta dawo gida sai Lahadi da yamma, kuma kullum bayan Magariba ta kira ta a waya, ita Inna da kanta, ba ni ba. Da dare na ji tana gaya wa uwar yarinyar a soya mata yaji da ƙuli-ƙuli, a daka garin kunu.

Malama, gidan sauro da bokiti na saya yau. Saura abin girki: risho kuka yi amfani da shi, ko ana barin ƙaramin gas a ɗaki? Kuma katifar wane faɗi ce ke shiga gadon?