Zauren 'yan gareji na Bauchi: me zan fara koya kafin in saita ƙafar motar tsere?

Auwalu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Shekarata huɗu ke nan ina koyon aikin ƙafa a wani gareji da ke hanyar Jos. Maigidana ya sayi tsohuwar Golf 3, yana so a shirya ta don gasar tsere, irin wadda ake yi a filin da aka killace, ya ce ni zan kama aikin ƙafarta. Canza shokozoba da bol-joyin da tayarod duk na iya, amma saitin tsere ban taɓa yi ba. Me zan fara koya? Kuma wane shokozoba zan ce ya sayo?

Oga Danjuma: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar saye tukuna. Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kar ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka bi bushin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfen banɓara. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, ka sake kamawa dama da hagu. Duk inda ka ji wasa, nan aikinka zai fara. Motar da lowa-am ɗinta (ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota) ke rawa ba ta riƙe saiti, ko wa ya yi shi.

Habu Gombe: Ni dai a ganina a yanke sifirin kawai, zagaye biyu, ta zauna ƙasa. Haka yara suke yi a nan wajenmu, kuma motar tana kama hanya.

Injiniya Maryam: Yaya Habu, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Yanke sifirin ba saukar da mota kawai yake yi ba, yana ƙara masa tauri. In zagaye 8 ne ke aiki ka mayar da su 6, taurin ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, alhali shokozobar da ke wurin ba don wannan taurin aka yi ta ba. Kuma tazarar da taya za ta yi sama kafin ta daki robar tsayawa ta ragu. Da ta daki robar a tsakiyar kwana, tayar ta daina bin ƙasa, sai tsalle. Ga shi yankakken sifirin yakan fita daga mazauninsa in taya ta rataya.

Auwalu, amsar tambayarka ta farko ita ce awo. Shi za ka fara koya, kuma ba sai da kwamfuta ba.

Auwalu: Anti, awon me da me? Mu alaimen waje muke kaiwa a yi mana.

Injiniya Maryam: Abu uku ne suke nuna yadda taya ta tsaya. Kamba shi ne karkatar saman taya ciki ko waje in ka dube ta ta gaba. Na biyu sunansa “to” (toe a Turance), shi ne ko bakin tayoyin biyu sun dubi juna ko sun juya wa juna baya in ka leƙo ta sama. Kasta kuma shi ne kwanciyar layin da taya ke juyawa a kansa, shi ke dawo da sitiyari tsakiya in ka fito daga kwana.

Fara da daɓe. Ari tiyon ruwan da magina ke gwada gini da shi, ka auna gurbin tayoyin nan huɗu, ka cike mai ƙasa da falange ko tayil har su zo daidai. In daɓen ya karkace, duk lambar da ka karanta ƙarya ce.

Kamba: rataya noti a zare kusa da wili, ka auna daga zaren zuwa leɓen wili na sama, sannan na ƙasa. A wili mai inci 15, bambancin kusan milimita 7 shi ne digiri ɗaya. A Golf 3 ana gyara shi ta ƙusoshi biyun da suka haɗa ƙasan shokozoba da gindin wili. Awon “to” kuma: ja zare biyu daga gaban mota zuwa bayanta, ɗaya a kowane gefe, a tsayin tsakiyar wili, tazararsu iri ɗaya gaba da baya. Ka auna daga zare zuwa leɓen wili ta gaba da ta baya. Milimita ɗaya a nan ya isa direba ya ji bambanci a hannunsa. Kuma duk lokacin da ka taɓa kamba, saitin “to” ya gusa, sai ka sake auna shi. Shi ya sa shi ne na ƙarshe.

Oga Danjuma: Allah ya yi miki albarka, 'yata. In ƙara abu ɗaya da yara ke mantawa. Bayan ka sauke mota daga jak, tura ta gaba da baya, ka danna ta sau biyu uku ta zauna, sannan ka auna. Kuma ƙusar bushin roba ba a ɗaure ta mota na rataye. Sai nauyinta na kan taya. In ka ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta tsage. Ka nemi sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ka daina ɗaurin “har sai ta yi ƙara”.

Baba Alhaji: Ina jin ku. Ni tambayata ɗaya ce, ba wanda ya yi ta: a kwalta za a yi tseren ko a turɓaya? Don ba tafiyarsu ɗaya ba. Mu da muka tashi da fijo 504 mun san wannan. A 1975 aka fara haɗa fijo a Kaduna, kuma a shekarar ne 504 ta ci gasar Safari ta Kenya, Ove Andersson ɗan Suwidin ne ya tuƙa ta. Ta sake ci a 1978. Ba ƙarfin inji ya fi ba ta nasara ba, ƙafarta ce mai tsawo da laushi da juriya, taya tana da wurin hawa da sauka. Na sha bin hanyoyin ƙauyukan Dass da ita da damina, tana haɗiye rami kamar ba ta gan shi ba. In turɓaya ce, kar ku kuskura ku saukar da motar nan. Ɗaga ta ma za ku yi kaɗan, ku sa mata faranti a ƙarƙashin inji.

Auwalu: Baba, turɓaya ce, amma an ce akwai ɗan guntun kwalta a ciki.

Baba Alhaji: To ka ji. Turɓaya za ka yi wa saiti, kwaltar ta yi haƙuri.

Habu Gombe: Na karɓi gyara kan sifirin. Amma maganar shokozoba ina da abin faɗi, don ta taɓa cizona. Bara na sayi guda huɗu wajen wani dila, a kwali, da suna mai kyau a jiki. Sati uku biyu suka fara zubar da mai. Da na kankare fentin sai ga tsatsa a ƙasa, ashe tsofaffi ne aka wanke aka fesa. Tun daga ranar, ko Beljiyam zan saya sai na danna da hannuna. Mai gas in ka danna shi ka saki, zai dawo a hankali har ƙarshe ba tare da gargada ba. Ka gwada biyun tare, su dawo lokaci ɗaya. Ka duba sandar, ko ƙarzuwa ɗaya ka gani ka ajiye. Bilstein da KYB da Koni suna da kyau in na gaske ne. In ba ka samu a Bauchi ba, a duba Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, amma ka tura wanda ya san kan abin.

Injiniya Maryam: Gaskiya ne. Kuma a zafinmu na Maris da Afrilu, da rana ke kusantar digiri 40, man cikin shokozoba yana yin zafi ya tsinke, har ya yi kumfa in ana ta dukan gargada. Shi ya sa mai bututu ɗaya da gas ɗin naitirojin ya fi dacewa da turɓaya: gas ɗin yana danne man ya hana shi kumfa, kuma ya fi saurin fitar da zafi. Kar a kusanta masa wutar walda ko a huda shi.

Ga wata dabara mai arha. Ɗaura kebul-tai a jikin sandar shokozoba, ka tura shi ƙasa. Direba ya zaga ya dawo, ka leƙa. Inda ya tsaya, nan ne iyakar inda ƙafar ta nutse. In ka same shi a manne da robar sama, ko motar ta yi ƙasa da yawa ko sifirin ya yi laushi.

Oga Danjuma: Sai kuma nauyi. Masu kuɗi sikeli huɗu suke sa wa, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Mu sikelin awon buhunan masara muke arowa, mai ɗaukar kilo 500. Taya ɗaya a kan sikeli, sauran ukun a kan katako mai tsayi ɗaya da shi, a bi su da ɗai-ɗai. Direba na zaune a ciki, mai na tanki, an kwance hannun sitabilaiza ɗaya (ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage karkatar mota a kwana). Ka haɗa gaban hagu da bayan dama, ya kamata su ba ka rabin nauyin motar. In ba su ba da ba, za ta ci kwanar dama daban, ta hagu daban, direba ya yi ta zargin kansa.

Sadiya: Ni ɗaliba ce a jami'ar ATBU, ina karanta ku ina rubutawa. Tambaya: in direba ya dawo ya ce “motar ba ta jin magana”, ta ina ake farawa?

Oga Danjuma: Yawwa 'yata, kin taɓo inda aikin yake. Ba za ki bar shi da wannan maganar ba. Ki tambaye shi: wace kwana? Wajen shiga, tsakiya, ko wajen fita? Ƙafarka na kan birki ko kan totur? Gaba ne ya ƙi juyawa ya zarce, ko baya ne ya kwashe? Mota mai jan gaba irin Golf, cutarta ita ce zarcewar gaba. Maganin da aka saba shi ne a ƙara taurin sitabilaiza ta baya ko a sassauta ta gaba. Amma a hankali, in aka wuce gona da iri bayan zai fara watsewa da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur.

Sannan ki tambayi taya, ita ba ta ɓoye komai. Da ya tsaya, ki auna iska nan take tana da zafi, ki auna zafin fuskarta wuri uku: ciki, tsakiya, waje. Tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa. Waje ya fi, kamba (karkatar saman taya ciki) bai isa ba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a fita a gwada. Wanda ya taɓa iska da kamba da shokozoba lokaci guda, ko motar ta gyaru bai san me ya gyara ta ba.

Injiniya Maryam: A rubuta komai a littafi: rana, zafin gari, iskar kowace taya, tsayin kowace kusurwa daga ƙasa, abin da aka canza, abin da direba ya ce. Sadiya, ki nemi dokokin gasar Formula Student a intanet, kyauta ne. Ɗaliban jami'a ne ke ƙera motar da kansu su kai Silverstone a Ingila, za ki ƙaru sosai.

Baba Alhaji: Roƙona ɗaya gare ku: kar a gwada motar nan a titin gari, ko hanyar Ningi da asuba wai don ba mutane. Mun ga abin da wasan mota a biki ya jawo wa gidaje. A nemi fili, a nemi izini, direba ya sa hular kwano ya ɗaura bel.

Auwalu: In sha Allahu Baba. Yanzu na ja zaren kamar yadda Anti ta ce. Tayar baya ta hagu ta dubi waje da milimita 4, ta dama kuma daidai take. Na duba, babu wurin gyara a baya.

Oga Danjuma: Babu, gatari ɗaya ne ya haɗa su. Ko dai ya lanƙwashe, ko bushin ɗinsa ya mutu, ko sandar wilin ce ta taɓa bugu. Kar ka taɓa gaba sai mun gano wannan. Kawo ta wajena Asabar bayan La'asar, ka taho da zaren da littafinka.