Neman shawara: kwayil yana ƙonewa, wat nawa ya kamata sabon shiga ya sa?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na daɗe ina shan sigari, kusan kwali guda a rana, kuma na ƙudiri aniyar rabuwa da ita, shi ya sa na koma ga sigarin lantarki. Na'urar da na samu tana da ɗan allo da maɓallan ƙara wuta da ragewa, kuma tana kaiwa har wat 80. Ta zo da kwayil biyu, wato 'yar wayar nan mai auduga da ke yin zafi ta mayar da ruwan nikotin tururi, ɗaya an rubuta 0.8 a jikinsa, ɗayan kuma 0.2.

Na ɗaura na 0.8, na cika tanki. Wani abokina da ya saba ya ce in sa wat 40, tunda shi a 60 yake shan nasa. Zuƙar farko ɗanɗanon ƙonannen tsumma na ji, maƙogwarona ya yi zafi, na yi ta tari. Na rage wutar amma ƙaurin bai tafi ba. A jikin kwalbar ruwan an rubuta nikotin 20mg, da kuma 50/50. Shin kwayil ɗin ya lalace ke nan? Ko in koma kan na 0.2? Kuma ta yaya mutum ke sanin wat ɗin da ya dace? Ina tsoron kada abin ya ishe ni in koma gidan jiya.

Malam Audu:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba ka ikon abin da ka sa a gaba. Wancan kwayil ɗin ya riga ya tafi, cire shi ka yar. Audugar da ke ciki in ta ƙone sau ɗaya, ƙaurin ba ya fita ko da ka rage wuta, ko ka wanke ta.

Kafin ka yar da shi, ɗaga shi wajen haske ka duba da kyau. Kusa da 0.8 ɗin nan za ka ga wasu ƙananan lambobi biyu da harafin W a bayansu, misali 12-18W ko makamancin haka. Wannan shi ne iyakar wutar da masu ƙera shi suka ce zai ɗauka. In rubutun ya yi ƙanƙanta, yana jikin kwalinsa. Kwayil ne ke faɗa maka wat ɗin da za ka sa. Wat 80 da ka gani a na'ura ƙarshen ƙarfinta ne kawai, don ta iya ɗaukar manyan kwayil, kamar yadda lambar ƙarshe a agogon gudun mota ba ita ce gudun da ake so direba ya yi ba.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba a kan nasa, amma kusan tabbas kwayil ɗinsa irin na 0.2 ne. Galibi abin yana tafiya kamar haka: kwayil na om 1.0 zuwa sama (om shi ne ma'aunin lambar nan da ke jikinsa, irin 0.8 ko 0.2) yana aiki tsakanin wat 8 da 15, na 0.6 zuwa 0.8 yana kaiwa daga wajen 12 zuwa 25 gwargwadon ƙirarsa, shi kuwa na 0.15 zuwa 0.3 yana son wat 40 zuwa 80. Waɗannan ƙiyasi ne. Abin da aka rubuta a jikin naka shi ne abin bi.

Sai batun jiƙa sabon kwayil, wanda ban ji ka ambata ba, kuma ina zargin yana da hannu a matsalar. Sabon kwayil audugarsa a bushe take. Kafin ka ɗaura shi, ɗiga ruwan a kan audugar da ke leƙowa ta ramukan gefe, ɗigo ɗaya ko biyu a kowane rami, har ka ga farinta ya dushe. Ka ɗaura, ka cika tanki, ka ajiye shi a tsaye minti 5 zuwa 10. Sannan ka ɗan ja iska ta bakinsa sau uku ko huɗu ba tare da ka danna maɓalli ba, don ruwan ya shige ciki. Bayan nan ka fara daga lambar ƙasa, ko ma ƙasa da ita kaɗan, ka yi gajerun zuƙa, ka riƙa ƙara wat ɗaya ɗaya har ka kai inda ɗumin tururin da ɗanɗanon suka yi maka. Da zarar ka ji ya fara bushewa ko zafi ya yi yawa, sauko da wat biyu. Yawancin mutane a tsakiyar lambobin biyu suke tsayawa.

Ɗanlami:

Ni shawarata ka ɗaura na 0.2 ɗin kawai ka huta. Ɗanɗano ya fi fita, tururi ya fi yawa, kuma na'urarka za ta iya ɗaukarsa.

Maman Walida:

Ɗanlami, don Allah a'a, ba da wannan ruwan ba. Ka sake duba abin da ya rubuta: nikotin 20mg, wato a kowace mililita. Kwayil na 0.2 a wat 60 yana mayar da ruwa tururi ninkin-ba-ninkin abin da na 0.8 ke yi a wat 15, don haka nikotin ɗin da zai shiga jikinsa a zuƙa ɗaya ya yi yawa ƙwarai. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, shaƙuwa, duk alamomin nikotin ya yi yawa ne. Masu amfani da manyan kwayil 3mg ko 6mg suke sha saboda wannan dalilin. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ma 20mg ɗin nan shi ne ƙarshen abin da doka ta yarda a sayar, ka ga ba ƙaramin ƙarfi ba ne.

Baban Khalifa, ruwanka ya dace da na 0.8 ɗin, ko ma wanda ya fi shi kamar 1.0 ko 1.2. Irin wannan kwayil ana jan tururin ne ya taru a baki sannan a shigar da shi ƙirji, yadda ka saba da sigari. Na 0.2 kuwa kai tsaye ake jansa cikin huhu da ƙofar iska a buɗe. Ga wanda ke son barin sigari, na farkon ya fi kama da abin da jikinsa ya sani, kuma shi zai fi kashe masa ƙishirwarta. Ka matse ƙofar iskar har sai jan ya ɗan yi tauri.

Lambar 50/50 kuma rabon sinadarai biyu ne da ake haɗa ruwan da su, PG da VG. PG tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano da ɗan cizon nan da ake ji a maƙogwaro. VG yana da kauri, shi ke kawo yawan tururi. Ƙananan kwayil ramukansu ƙanana ne, sun fi son 50/50. In ka zuba musu mai kauri irin 70/30, wato VG 70 da PG 30, audugar ba za ta sha da sauri ba, sai ta bushe ta ƙone ko da wat ɗinka daidai ne. In kuma ka zuba tsinkakke a babban kwayil, yoyo zai yi ta yi.

Abu ɗaya nake roƙonka: in ka ji ƙauri ka tsaya nan take. Idan ruwan ya yi zafi fiye da kima a kan busasshiyar auduga, yana fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid. Wannan ƙaurin gargaɗi ne. Kuma ka ajiye kwalbar inda hannun yara ba zai kai ba, don ƙamshinta yana jansu, nikotin kuma guba ne ga ƙaramin yaro in ya haɗiye shi.

Ɗanlami:

Gaskiyarki Maman Walida, ban lura da ƙarfin ruwan ba. Ni 3mg nake sha.

Injiniya Bala:

Bari in ƙara lissafin, don in ka gane shi ba za ka sake ruɗewa ba. Lambar om tana nuna yadda wayar ke tare wutar da ke bi ta cikinta. Ƙarfin wuta, wato wat, daidai yake da bolt sau bolt a raba da om, bolt kuwa shi ne ma'aunin turin da na'ura ke yi wa wutar. Ɗauki kwayil ɗin abokinka, 0.2 a wat 60: na'urarsa tana tura masa bolt kusan 3.5. Ɗauki naka, 0.8 a wat 15: shi ma bolt kusan 3.5 ne. Ka ga a zahiri turi ɗaya suke samu, duk da lambobin da ke kan allo sun yi nisa da juna. Da ka sa wat 40 a kan 0.8, bolt kusan 5.7 ka tura wa 'yar siririyar waya. Ta yi zafi kafin ruwa ya iso gare ta, audugar ta kama.

Dalilin da ya sa mai ƙaramin om ke son wuta da yawa shi ne ƙarfen da ke cikinsa ya fi yawa da faɗi, sai ya sha wuta sosai kafin ya ɗumama. In ka ba shi wat 15 ba zai iya dafa ruwan ba, za ka ji yana ƙara kamar ana kurkure baki, ruwa yana fantsama maka a harshe. Wato ƙarancin wuta ma yana da tasa matsalar.

Ka tabbata kuma na'urar tana kan tsarin wat. Wasu suna da tsarin kayyade zafi, inda za ka ga TC ko Ni ko Ti ko SS a allo. Wayar Kanthal da ta nikrom a tsarin wat ake amfani da su. Ta nikel zalla da ta titaniyam a tsarin kayyade zafi kaɗai. SS316L tana aiki a duka biyun. Kwayil ɗin da ke zuwa da irin na'urarka kusan duk na tsarin wat ne, yawanci wayarsa kamar raga take, to ka bar na'urar a tsarin wat. Bayan ka ɗaura sabon kwayil, duba om ɗin da allo ya nuna. In ya ce 0.78 ko 0.83 ba komai. In yana tsalle-tsalle ko ya yi nisa da 0.8, kwayil ɗin bai zauna daidai ba, ko wurin haɗuwar ya jiƙe, ka warware ka goge.

Batun batir ne ya fi damuna da sababbin shiga. In naka mai cirewa ne, irin 18650, ka riƙa duba ledar da ke jikinsa. In ta yage ko kaɗan, kada ka yi amfani da shi sai an sake masa riga. Kada ka taɓa jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko wani ƙarfe, hakan na iya sa ya fashe. Kowane batir yana da iyakar amfiya, wato yawan wutar da zai iya bayarwa ba tsayawa. Mai amfiya 20 guda ɗaya bai kamata a wuce wajen wat 60 da shi ba. A wat 15 kana nesa da wannan iyaka, cajinka ma zai fi daɗewa. Nannaɗa waya da hannu, da na'urorin nan marasa allo marasa kariya, ka bar su tukuna, ba na mai farawa ba ne.

Alhaji Sule:

Sun gama magana a kan na'ura. Ni abin da zan ce, ɗana, kada ka manta dalilin da ya kawo ka. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana cewa wannan abu ya fi sigari sauƙin illa nesa ba kusa ba, amma ba ta ce ba shi da illa ba, kuma ba ta yarda yara ko wanda bai taɓa shan sigari ba su fara shi. Ribarsa tana samuwa ne in ka bar sigarin gaba ɗaya. Masu haɗa biyun, kara da safe, na lantarki da rana, ba su tsira daga hayaƙin ba. In ƙafarka ta tsaya, ka riƙa sauko da nikotin ɗin a hankali, daga 20 zuwa 10, zuwa ƙasa, har ka ajiye shi ma. In kana da ciwon zuciya ko na huhu, ka gaya wa likitanka abin da kake ciki.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, 12-18W aka rubuta. Na samu sabon na 0.8, na jiƙa shi yadda Malam Audu ya ce, na fara daga 12, yanzu ina kan 14 kuma babu ƙauri ko kaɗan. Alhaji, na ji, kuma niyyata ke nan. Tambaya ta ƙarshe: yaushe zan san lokacin canja shi ya yi?

Malam Audu:

Madalla. Yawanci yana kai mako ɗaya zuwa biyu, ya danganta da yawan shanka da irin ruwan. Masu zaƙi sosai da masu duhun launi sun fi saurin kashe shi, domin abin zaƙin yana daskarewa a kan wayar ya zama baƙin datti. Za ka ji ɗanɗano ya dushe, tururi ya ragu, ko ruwan tanki ya fara yin duhu. In ka ga haka canja shi, kada ka jira ƙauri. Ka riƙa barin daƙiƙa 15 zuwa 20 tsakanin zuƙa da zuƙa don audugar ta sake sha, kuma ka ƙara ruwa tun kafin ya sauka ƙasa da ramukan gefen kwayil ɗin.