Masu zama a Landan, manhajar Citymapper ta isa ko in nemi mota?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da zuwana Landan karatu. Abokin zamana ba ya ko sa takalmi sai ya buɗe Citymapper, manhajar waya mai nuna hanya da lokacin zuwan bas, ka ji ya ce bas ɗinmu saura minti 6. Ni kuwa a Kano na taso, ka fito bakin titi ka ɗaga wa adaidaita sahu hannu, shi ke nan. Har na fara tara kuɗin tsohuwar mota. Don Allah ku ba ni shawara.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bar maganar motar nan. Aikin jinya nake yi, ni ma da mota na fara. A watan Agustan 2023 aka faɗaɗa dokar hayaƙi ta ULEZ zuwa duk Landan, tawa ba ta cika ƙa'ida ba, duk ranar da na fita da ita sai na biya fam 12.50. Na sayar. Fargabata a lokacin ita ce tsayuwa a tasha da asuba cikin sanyi, ban san yaushe bas zai zo ba. Manhajar ce ta raba ni da wannan. Yanzu sai na shanye shayina a ɗaki, in fito saura minti 3. Ran da jirgin ƙasa ya samu matsala, nan take take nuna min wata hanya. Ɗana yana da asma, don haka raguwar hayaƙi na da muhimmanci a wurina sosai, amma gaskiya tsoron makara ne ya fara sa ni amfani da ita.

Malam Injiniya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kowane bas yana ɗauke da na'urar GPS, hukumar sufuri ta TfL kuma tana sakin bayanan kyauta ga masu ƙera manhajoji. Shi ya sa lissafin ke yin daidai. A tashoshinmu na gida direba ba ya tashi sai mota ta cika, to me manhaja za ta ƙirga? Sannan ka sani, in ka sauya bas cikin awa ɗaya, kuɗin hawa ɗaya za a cire maka.

Ɗan Fagge:
Na gode Anti, na gode Malam. Na sauke ta yanzu, gobe da ita zan je Juma'a masallacin Whitechapel. Bas ɗin na karɓar tsabar kuɗi?

Maman Iman:
A'a, tun 2014 suka daina. Katin banki ko katin sufuri na Oyster za ka taɓa a jikin na'urar biya.