Ƙanena ba ya barci tun da muka baro ƙauye

Hajara, Gusau: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu. Ƙanena ɗan shekara 19 ne. Da ya ji ƙarar babur sai ya miƙe zumbur, gumi na keto masa, dare kuma ido biyu. An karɓo masa diyazefam, maganin sa barci, a kemis. Wata ta ce sinadarin ƙwaƙwalwarsa ne ya ƙare. Ana gwada shi? Yana da magani?

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo sauƙi. Ba ƙarewa ya yi ba, 'yar'uwa, ma'auni ne ya karkace. In mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna CRH, shi ya taso wani mai suna ACTH, shi kuma ya sa halittar da ke saman ƙoda ta zubo kotizol, sinadarin da ke sa jiki cikin shirin ko-ta-kwana, cikin jini. Ɗaya daga cikin masu taka wa wannan burki shi ne NPY, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid 36 da aka gano a 1982. Yana aiki a amigdala, inda tsoro ke tasowa. Bincike kan tsofaffin sojojin Amurka masu ciwon firgici bayan yaƙi ya nuna nasu ya yi ƙasa. Wataƙila shi ya sa babur ɗin maƙwabci ke zame wa ƙanenki hari. Asibiti ba su gwada NPY, babu kuma ƙwayarsa a kasuwa. Duk wanda ya ce zai sayar miki, kuɗinki yake so.

Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya: Hajara, diyazefam ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Makonni kaɗan jiki ke sabawa da shi, kuma ba ya warkar da firgicin. In ya daɗe yana sha, kada ku yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage a hankali. Tunda abin ya wuce wata ɗaya, ku kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Akwai jinyar da ake yi ta hanyar tattaunawa da ƙwararre. In an rubuta satralin, maganin damuwa da firgici, sai mako 4 zuwa 6 ake ganin amfaninsa, kada a jefar da shi a mako na biyu.

Malam Sanusi: Kafin nan, ya ja numfashi yana ƙirga 4, ya saki yana ƙirga 6, minti biyar safe da dare. Ba goro, ba shayi bayan la'asar. Kada a matsa masa ya ba da labarin ranar.

Anti Rabi: In kuwa ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti ranar.