Baba ya dawo daga aikin zuciya, amma ya ƙi tashi

Maman Hanifa, Badariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kan mahaifinmu. Ya haura 65, ya daɗe da ciwon karkarwa na Parkinson, yana shan Sinemet. An canza masa bawul ɗin zuciya a Indiya, wata biyu ke nan. Ɗinki ya warke, likita ya ce zuciya lau, amma Baba ya ƙi tashi. Ba ci, ba hira, rediyon da ba ya rabuwa da ita ma ya ajiye. Jiya ya ce wa Inna kuɗin da aka kashe masa asara ne.

Baban Sadiq, Jega: Allah ya ba Baba lafiya. A dage da addu'a, a riƙa ba shi zuma da habbatussauda. Tsufa ne kawai, sai haƙuri.

Sista, Gesse: Amin. Amma Baban Sadiq, ban yarda tsufa ne kawai ba. Ciwon damuwa na kama kusan mutum ɗaya cikin uku na masu Parkinson, don sinadaran ƙwaƙwalwar da ciwon ke ragewa suna da hannu a walwalar mutum. Aikin zuciya shi ma yakan bar mutum da damuwa. Baba ya haɗa biyun. Maman Hanifa, kafin komai, ƙarfe nawa yake shan Sinemet, kuma da wane abinci?

Maman Hanifa: Tun dawowarsa lokacin ya rikice, magungunan sun yi yawa. Inna na haɗa su duka ta ba shi da fura da nono, wani lokaci bayan farfesun kifi, don ya samu ƙarfi.

Sista: To ga zare ɗaya nan. Levodopa da ke cikin Sinemet yana rige-rigen shiga jini da abinci mai gina jiki, irin nono, nama, kifi, ƙwai da wake. Idan aka haɗa su, ƙarfinsa na raguwa, jiki ya sandare, ku ɗauka ganda ce. A ba shi kamar minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, kullum a lokaci guda. Ku sa ƙararrawa a waya. Ba cewa na yi a hana shi kifi ba fa, rauni na buƙatarsa, a raba lokacinsu ne kawai.

Mai Kemis, Argungu: Ƙari a kan na Sista, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma tana tare levodopa, a sa tazarar awa 2. Sannan don Allah kada wani ya sayo masa amitriptyline a kan tebur wai don barci, yana iya rikita bugun zuciya. In tashin zuciya ya zo, ban da metoclopramide da Stemetil, suna tayar da Parkinson sosai. Maganin damuwa kuwa, likitoci sun fi amfani da irin su sertraline ga mai ciwon zuciya, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga canji. Sai dai in yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, haɗin na ƙara haɗarin zubar jini, dole likita ne zai rubuta yana bin gwajin jinin. Habbatussaudar ma a tambaya tukuna.

Maman Hanifa: Yana shan warfarin kuwa. Har Inna ta daina masa miyar zogale.

Mai Kemis: Ba sai an daina ba. Kada dai a ci da yawa yau, gobe a yanke gaba ɗaya.

Gwaggo, Yauri: Ni na yi jinyar maigidana da wannan ciwon. Fuskarsu na daskarewa, murya ta yi ƙasa, sai ki ɗauka fushi yake da ke. Ki zauna ki tambaye shi a natse, ba a gaban 'yan dubiya ba. Su 'yan dubiyar ma a rage su, kowa da labarin wanda aka yi wa aiki ya rasu! Mu jikoki ne suka taimaka. Su yake jin kunyar ƙi wa tafiya, daga ɗaki zuwa zaure, sannu a hankali har masallaci. In zai miƙe ya fara zama bakin gado tukuna, don jiri na ɗibarsu.

Baban Sadiq: To amma in damuwa ce, a ce dattijo kamar Baba a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware? Mutane za su yi magana.

Sista: Asibitin Kware na Sakkwato likitocin damuwa ne a cikinsa, ba abin kunya ba ne. Kuma ba sai an fara da can ba. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Birnin Kebbi, ku faɗa wa likita maganar asarar nan kamar yadda Baba ya faɗe ta, ku nemi a haɗa ku da masu gashin ƙashi su tsara masa motsa jiki. In ana buƙatar likitan jijiyoyi, za su tura ku UDUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko ya daina shan magani, ko yana ƙwarewa da ruwa, ranar za ku tafi, kada ku jira ranar ganin likita.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Litinin za mu je. In ɗauki takardun Indiya duka?

Sista: Duka, har da kwalayen magungunan a leda ɗaya. Ki rubuta lokutan da yake shan kowanne daga yau zuwa Litinin ɗin.