Cacar waya, jaraba da azumi busasshe

Shugaban matasa, Mabera: Salama. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cacar ƙwallo ta waya. Yaranmu suna waƙa a kwaya ranar Lahadi, da yamma kuɗin makaranta ya tafi a kan wasan Ingila. Shugabanni kuma shiru, sai tsawata wa Shaiɗan da makirfo. Hanyar fita a fili take. A goge manhajar, a miƙa katin banki ga dattijo amintacce, a daina zaman gidan kallo ranar Asabar, a sami mutum ɗaya da za a riƙa faɗa wa gaskiya kowane mako kamar yadda Yakubu 5:16 ya ce. Wanda abin ya yi wa katutu ya haɗa da azumi busasshe, wato ba ci ba shan ruwa, na kwana 3. Amma na san ba mai tanka mini.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Ɗan'uwa, busasshe? A Sakkwato, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40? Mutum na zufa ba ya mayar da ruwa, rana ta biyu fitsari ya yi ja ya ragu, kai na sarawa, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Ƙoda ce ke fara shan wuya. Mai ciwon suga da ke shan magani kuwa, suga na iya faɗuwa ya suma. Mai gyambon ciki da mai juna biyu kada ma su fara.

Mai bishara, Kwannawa: Mama nas, a karanta Esta 4:16. Kwana 3, dare da rana, ba ci ba sha. Shawulu ma haka a Dimashƙu, Ayyukan Manzanni 9:9. Ko su ba su da ƙoda ne?

Malamin makarantar Lahadi: Mai bishara, ka karanta har ƙarshen labarin. Azumin Esta na ceton Yahudawa ne daga makircin Haman, ba na yaƙi da sha'awar zuciya ba. Shawulu kuma makancewa ya yi a hanya. A kan jaraba, ayar da ta dace ita ce Matiyu 4. Ubangiji ya yi kwana 40, aka ce ya ji yunwa. Kuma ba da yunwar ya kori Iblis ba. Sau 3 ya amsa, duka daga Maimaitawar Shari'a: 8:3, 6:16, 6:13. Iblis ma ya jawo Zabura 91, don haka jawo aya kaɗai ba hujja ba ce.

Mai bishara, Kwannawa: Wato ni ne Iblis ke nan?

Malamin makarantar Lahadi: Ban faɗa ba.

Katikis: Mu dai a Katolika ba a bar kowa ya yanka wa kansa ba. Azumin dole kwana 2 ne a shekara, Laraba ta Toka da Jumma'a Mai Kyau, ga mai shekara 18 zuwa 59. Cikakken abinci sau ɗaya, da ƙananan ci 2 waɗanda in an haɗa su ba su kai cikakke ba. Ruwa ba a hana ba. Nama ana barinsa ranakun Jumma'a na lokacin azumi daga shekara 14. Marar lafiya an ɗauke masa. Tsari ke nan.

Mai bishara, Kwannawa: Ci sau 3 a rana kuma a kira shi azumi? Baba katikis, wannan ai rage tuwo ne.

Katikis: Rage tuwon ya fi a kwashi yaro zuwa asibiti a Keke Napep daga wurin addu'ar dare.

Dattijon ikilisiya, Gidan Dare: Ku yi hankali da bakinku, yara na karantawa. Mu abin da munka sani a cocin ECWA azumin shida na safe zuwa shida na yamma ne. A sha ruwa sosai kafin shida na safe, a rage aikin rana, a buɗe baki da ruwa da kunu, tuwo sai an jima. Daniyel 10:3 ma akwai, mako 3 ba nama ba abinci mai daɗi, amma shina ci. Wanga busasshe daga sababbin coci-cocin nan ya shigo muna.

'Yar kwaya: Baba, da girmamawa, kullum sababbin coci. Su ne dai ke cika da matasa. A tambayi dalili mana.

Dattijon ikilisiya, Gidan Dare: Dalili ganga da jita, ɗiyata.

'Yar kwaya: Zabura 150 ta ambaci ganga da kuge, Baba.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Tunda wasu ba za su ji ba, ga abin yi in mutum ya galabaita. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi. In yana iya haɗiya, a dama ruwa mai tsabta lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a ba shi kaɗan-kaɗan. In ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. Asibiti kai tsaye, addu'ar a yi ta a hanya.

Shugaban matasa, Mabera: Jama'a, caca na ce. Caca! Abu 5 na lissafa, kun kama na ƙarshe kun bar 4.

Malamin makarantar Lahadi: Gaskiyarka, kuma na farkon su ne masu nauyi. Yakubu 1:14 ya ce sha'awar mutum ce ke jan sa. Yusufu bai tsaya tsawata wa matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya fita. 2 Timoti 2:22 ma gudu ya ce. Inda ake faɗuwa shi ne a goge manhaja a bar lambar abokin da ke turo "wasan yau tabbas ne", ko a miƙa katin banki alhali ana iya tura kuɗi ta lambar USSD. A toshe duka biyun.

Mai bishara, Kwannawa: Gudu? Yakubu 4:7 cewa ya yi a yi tsayayya da Iblis, shi ne zai gudu. A makamai 6 na Afisawa 6 ba ko ɗaya na rufe baya. Soja ba ya juya baya.

'Yar kwaya: To Yusufu matsoraci ne ke nan?

Sakataren zumunci: An rufe, dare ya yi. Abin da aka tsayar shi ne, mafi yawa sun yarda busasshe ba koyarwar da muka gada ba ce, kuma shida zuwa shida da Baba dattijo ya kawo shi ne daidai. 'Yan'uwanmu Katolika suna da nasu, ba mu shiga ba. Mai bishara bai kawo hujja mai ƙarfi ba. Maganar ganga ba wurinta ba ne. Batun caca za a miƙa wa kwamitin dattawa.

Mai bishara, Kwannawa: Wa ya ƙirga "mafi yawa"? Aya 4 na kawo. Kai da Baba dattijo ai coci ɗaya kuke.